Fayil ba shi da ƙafa, kai ne ƙafarsa

Duk shekara in aka yaye 'yan difloman shari'a a Ligal ta Kano ko Kongo a Zariya, sai kaga matasa sun bazu ofisoshin lauyoyi da na ƙungiyoyi riƙe da ambulan suna neman aikin faraligal, wato mai taimaka wa lauya da masu shari'a amma shi ba lauya ba, wasu kuma ba ma ta makaranta suka biyo ba, wata ƙungiya ce ta zaɓo su daga unguwa ko ƙauye ta basu horo na 'yan makonni akace toh Bismillah ku je ku taimaki mutanenku. Wallahi ina jin daɗin ganinsu, sabida mutanen da ke neman wanda zai tsaya musu sun fi ƙarfin lauyoyin da muke dasu nesa ba kusa ba, balle in ka fita daga birni. Amma akwai abubuwan da ba'a koyarwa a aji, kuma ogan da ka samu ba lallai ya samu lokacin zaunar da kai ba, shi ƙarfe tara na safe yana kotu, in ya dawo mutane na layi. Shi yasa nace bari in rubuta wa ƙannena maza da mata abinda na gani a aikin nan.

Tun sati bai zagayo ba za'a fara ce maka Barista. Mai shayin bakin ofis ne zai fara, sai 'yan majalisa, sai gwaggonka ta ɗauka tana faɗa a gidan biki. Akwai daɗi a kunne, na sani. Ka riƙa gyara musu ko sau nawa ne, kace "Baba ni ba lauya bane, tare da lauya nake aiki." A Najeriya lauya shine wanda ya gama digirin shari'a, ya wuce makarantar horon lauyoyi irin wadda reshenta ke Bagauda, aka rantsar dashi aka rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Sashe na 22 na dokar aikin lauya ya maida shi laifi mutum ya nuna kansa a matsayin lauya alhali ba shi bane, kuma bai tsaya nan ba, har ka karɓi kuɗi ka tsara wa wani takardar mallakar fili ko gida ko takardun shigar da ƙara yana ciki. Nan yara da yawa ke faɗawa don kuɗin na zuwa da sauƙi, maƙoci zai saida fuloti yace ai kai ka san kan abin, buga mana mu baka na goro. Dan Allah ka kai shi wajen oga. Ba raina ka akayi ba, dokar Hukumar Bada Agajin Shari'a ta 2011 da kanta ta san da zaman faraligal, matsayinka na nan daram, iyaka ce kawai dashi.

Haka maganar sa hannu. Oga zai yi tafiya, takarda na gaggawa, wani a ofis yace kai dai ka ja masa sa hannun mana ai ya sani. Kar ka soma. A 2007 Kotun Ƙoli a shari'ar Okafor da Nweke ta yi watsi da takardu sabida sunan kamfanin lauyoyi aka sa a wajen sa hannu ba sunan lauyan da kansa ba, kuma tun daga nan shari'o'i da yawa sun rushe a kan wannan, wasu bayan an shafe shekaru ana bugawa. In sunan kamfanin lauyoyi bai tsira ba, ina ga naka hannun? Ga kuma sitam ɗin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ake mannawa, kowane lauya da nasa da sunansa, kuma yana da ranar da yake ƙarewa, ka duba kafin ka fita da takarda daga ofis.

Yanzu ainihin aikin. Mutane sun ɗauka a gaban alƙali ake cin shari'a ko a faɗi, lauya ya miƙe da baƙar riga da farar hula yana zuba turanci. Wannan ɗan yanki ne kawai. Yawancin shari'o'in da na ga sun lalace, tsakanin tebur da tebur suka lalace, an shigar da ƙara ba'a kai sammaci ba, ko an kai ba'a saka shaidar an kai a fayil ba, ko an ɗage zama babu wanda ya rubuta ranar. Fayil ba shi da ƙafa. In ka ajiye shi a rajista, wato ofishin karɓar takardu na kotu, ka koma ofis kana jiran a kira ka, inda ka barshi nan zaka tarar dashi bayan wata uku, kuma ba don mugunta ba, magatakarda ɗaya ne da tulin fayiloli har saman kabad. Kai zaka kai takardu a duba a yanka maka abinda zaka biya, ka biya ka karɓi rasit, ka dawo a buga hatimi a baka lambar ƙara, ka bi ka ji wace kotu aka tura ta, ka nemi belif, ɗan saƙon kotu, ku tsaida ranar da zai kai sammaci, in ta kama ka raka shi da kanka don ka san adireshinmu, "bayan masallacin Juma'a gida na uku mai jar ƙofa kusa da mai markaɗe", sannan kuma, nan ne aka fi mantuwa, kwana biyu ko uku kafin zama ka koma ka roƙi a buɗe maka fayil ɗin kotu ka gani da idonka takardar rantsuwar da belif yayi cewa ya kai tana ciki. In babu ita alƙali ba zai saurari komai ba, kuma da gaskiyarsa, ba'a yi wa mutum shari'a a bayan idonsa. Sai a ɗage, ƙila sati shida, ƙila a faɗa hutun kotu na shekara da ke cinye Agusta har cikin Satumba, matar da ta shigo motar haya tun asuba daga Sumaila ko Tudun Wada ta koma gida ba abinda akayi, kuɗin motar ma rance ta ci. Ita bata san wata takardar belif ba. Abinda ta sani shine ta zo an ce ta koma.

Sabida haka ka sayi dayari babba, ta takarda, ko da kana sa komai a waya, don waya na mutuwa kuma ana ƙwace ta. Duk ranar da aka ɗage ka rubuta a dayari, ka rubuta a bangon fayil, ka kira mai shari'ar ka faɗa masa da Hausa ranar kaza ga wata kaza, kuma jajibirin ranar ka sake kira. Ka haddace wasu wa'adi kamar sunanka. Zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 14 ne in hukuncin tsakiyar shari'a ne, wata 3 in hukuncin ƙarshe ne a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a ta laifi. Daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, ka duba dokar jiharka. Ƙarar jami'in gwamnati kan abinda yayi a bakin aikinsa akwai dokar da ta yanka wata 3 kacal, duk da akwai wuraren da bata shafa ba, wannan oga ne zai tantance. Ita kuwa ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam, ƙa'idojin 2009 sun ce daɗewa bata kashe ta. Ba kai zaka yanke hukunci kan waɗannan ba, amma kai ne mutum na farko da zai ji labarin, in baka tambayi "yaushe abin ya faru?" tun ranar farko ba, kafin fayil ya kai teburin lauya wa'adin ya wuce.

Wannan ya kawo ni kan sauraro, wanda ni a wajena shine rabin aikin, kuma anan faraligal yake fin lauya amfani sau tari don kai kana da lokaci kuma harshenku ɗaya da mai magana. Wata mata zata shigo ta zauna a bakin kujera, bata daɗe da fita takaba ba, da baƙar leda a ƙulle a hannu. In ta kwance zaka ga takardar cinikin gida da aka rubuta da biro a fallen littafin makaranta ta yi laushi ta fara yagewa a wajen ninki, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, da wani tsohon rasit, da katin asibitin marigayi, da ƙaramin hotonsa na fasfo. Kai tambayarka ɗaya, su wa suka hana ta gidan, ita kuma zata faro tun daga ranar da aka kawo ta gidan amarya. Ka ƙyale ta. Kace "Inna sannu, Allah ya jiƙan Malam, faɗa min tun daga farko", ka ajiye waya ka kife ta. A cikin wannan dogon labarin da kake ganin ba shi da amfani ne zata ambaci cewa akwai wata mata da ya saka tun da daɗewa tana da ɗa namiji a Legas, ko cewa ɗakin bakin zaure da kuɗin adashinta aka gina shi, ko cewa ɗaya daga shaidun cinikin yana nan da ransa a Kurna. In ka katse ta da fom ɗinka mai layi-layi bazaka taɓa jin waɗannan ba. Sai ta gama ka koma baya ka tsara.

Kwanan wata kuma mutanenmu ba da kalanda suke riƙe shi ba. Zata ce sati biyu bayan babbar sallah, ko shekarar kulle, ko lokacin wahalar kuɗi. Kai zaka fassara, kulle 2020 kenan, wahalar takardun kuɗi farkon 2023, sallar kuma ka duba ta faɗo ranar nawa a wannan shekarar. Ka rubuta yadda ta faɗa sannan ka rubuta lissafinka a gefe, kar ka cakuɗa, don in aka zo kotu ita za'a yi wa tambayoyi ba kai ba. Sannan suna. Ka jera katin ɗan ƙasa da takardar banki da ta fansho da ta fili ka duba harafi-harafi, nan Muhammad can Mohammed can Muh'd, nan Abdullahi Garba can Garba Abdullahi, wannan ɗan bambancin shi kaɗai yana riƙe haƙƙin marayu wata da watanni a banki ko ofishin fansho. Gara ka gano shi yau a fara gyara. Takardun asali ka yi musu hoto ka mayar mata a take, in dole sai an riƙe a ofis a rubuta jerinsu ta dangwala ka bata kwafi.

In maganar gado ce ka rubuta kowa, matan da mamacin ya bari, 'ya'ya har na matan da suka fita, ko akwai mai ciki, ko iyayensa na raye, wa yake bi bashi wa ke binsa, ko ya bar wasiyya. Ka san tsarin, hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda bata wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan rabo. Ka san rabon matar mamaci, tumuni ne wato ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu, kuma matan rabawa suke tsakaninsu. Sanin nan don ka iya faɗa mata cewa tana da haƙƙi ne kuma ba wan miji ko ƙanin miji da ya isa ya kore ta hannu rabbana, amma rabon kansa na alƙali ne da malaman da suka san fannin, kar ka ɗauki kalkuleta ka raba wa mutane gida. Ka kuma san wace ƙofa ake bugawa. Aure da saki da riƙon yara da gado da waƙafi na Musulmi kotun shari'ar Musulunci ne, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kamar yadda sashe na 277 na tsarin mulki ya jero, rikicin mallakar filin da ke da takardar gwamna kuwa babbar kotu ce bisa dokar filaye ta 1978. An sha kai ƙara inda bata dace ba a yi shekara biyu sannan a ce kotun bata da hurumi, a koma farko.

Takardar rantsuwa zaka rubuta ta har ka gaji. Sashe na 115 na dokar shaida ta 2011 yace abinda ya faru kawai ake sawa, ba gardama ba, ba roƙo ba, ba hukunci ba. In mai rantsuwar bai iya karatun boko ba dole a karanta masa a fassara masa kuma a rubuta a ƙasa cewa anyi hakan. Ka karanta masa da gaske, layi-layi, ba ka ce "abinda ka faɗa ne Alhaji, dangwala nan". Shi da kansa zai je gaban kwamishinan rantsuwa. Kuma har abada kar ka karɓi sa hannun mutum a farar takarda wai a cike daga baya.

Za'a tambaye ka kullum, "Malam zamu ci kuwa?" Kar ka ce eh. Ko lauya bai isa yayi wannan alkawarin ba. Ka faɗi abinda za'a yi na gaba da ranar da za'a yi shi, shikenan.

Sirri kuwa, ni ban san abinda ke kashe faraligal da wuri kamar sakin baki ba. Dokar shaida a sashe na 192 ta kare maganar da ke tsakanin lauya da mai shari'a, na 193 ya haɗo da akawu da tafinta, kaga kai ma kana ciki. Amma bar ta doka, garinmu ƙarami ne duk girmansa. Ka bada labari a majalisa ba suna, wani a wajen yace ai gidan su wane ne. Matar da ta faɗa maka dalilin da yasa take neman khul'i ta faɗa maka abinda ko mahaifiyarta bata sani ba. Ba'a kai shi gida, ba'a ba wa mai ɗaki ko maigida, ba'a ɗaukar hoton fayil a sa a sitatus wai ana aiki. In ka je shagon buga takardu ka tsaya a kai har a gama ka sa a goge a gabanka, har da kwandon sharar kwamfutar. In kuma ka buɗe fayil ka ga wanda ake ƙara ɗan uwanka ne ko surukinku ko maigidan babanka, faɗa wa oga a ranar a ba wani.

Sai caji ofis, inda zuciyar sabon shiga ta fi tafasa. Ka tafi da abinda doka tace a kanka. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 yace wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kotun, cikin kwana biyu, a sanar dashi dalilin kamun a harshen da yake ji, kuma yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kaduna tayi irin tata a 2017 Kano a 2019, ta hana a kama uba ko mata ko ƙani a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci kawai, tace mace na iya tsayawa beli, ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane duk wata, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata wasu daga ciki. Beli kyauta ne, a bangon caji ofis ɗin ma a rubuce yake. Toh amma sanin wannan daban, yadda zaka faɗe shi daban. In ka shiga kana ɗaga murya kana karanto sashe-sashe a kanta, kai zaka fita ka tafi gida, yaron da ke bayan kanta shi zai kwana da fushin da ka tayar. Ka yi sallama, ka gaisa, ka nuna katinka, kace "Yallaɓai daga ofishin lauya kaza nake, akwai yaronmu a nan, dan Allah wa ke riƙe da kes ɗin?" Ka rubuta sunan mai binciken, ranar kamu da lokaci, laifin da ake zargi, ko an ɗauki bayaninsa kuma wa ke wajen, ko akwai rauni a jikinsa, ko ya ci abinci, ko yana shan wani magani. In abu ya cije ka nemi ganin DPO cikin ladabi, in ya ƙi warwarewa ka fita waje ka kira lauya ko Hukumar Bada Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ladabi ba tsoro bane, zaka dawo wannan ofishin gobe da jibi don wasu mutanen. Abinda dai bazaka yi ba shine ka zama kai ne mai karɓo kuɗi daga hannun iyaye kana miƙawa, ranar da ka fara ka zama dillali.

Gidan gyaran hali kuwa, in ka taɓa shiga Kurmawa ko Goron Dutse ka zauna da masu jiran shari'a bazaka sake ganin aikinka ƙarami ba. A faɗin ƙasar nan wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba'a yanke musu hukunci ba. Da yawansu labarin ɗaya ne, an kai su gaban majistare kan laifin da ya fi ƙarfin kotunsa, aka ce a ajiye su sai shawarar lauyoyin gwamnati ta fito, fayil kuma yana wani wuri tsakanin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a, mai binciken an masa canjin wajen aiki, dangi sun gaji ko basu ma san inda yake ba. Dokar tarayya tace umarnin ajiyewa na farko kar ya wuce kwana 14 sai an dawo an duba, amma wa zai tuna wa kotu? Wasu an ma basu beli tuni, mai tsaya musu ne babu, don ba wanda ya je ƙauyensu ya faɗa. Wannan duk aikin ƙafa ne da kati a waya. Ka samo lambar ƙara, kotun da ta tura shi, ranar zamansa na ƙarshe, ka bi fayil ofis-ofis har ka san teburin da yake kai, ka nemo kawunsa, ka shirya jerin sunaye tsaf don ranar da babban jojin jiha zai kai ziyarar rage cunkoso. Ba wanda zai sa sunanka a jarida, amma mutum zai kwana a ɗakinsa.

Kuɗi a taƙaice. Duk sisin da ya shiga hannunka rubuta, na kotu da rasit ɗin kotu, na mota a faɗi na mota ne. Kar ka taɓa cewa a kawo na alƙali ko na rajista, ko da wasa. Kar ka tsaya a harabar kotu kana farautar masu shari'a kana kai wa lauya don a yanka maka kaso, ƙa'idar aikin lauya ma ta hana shi raba kuɗin aiki da wanda ba lauya ba. Albashin farko ba yawa, gaskiya ce, wani wajen ma alawus ne kawai, ka yi maganarsa da oga a fili tun ranar ɗauka ka san matsayinka.

Ku kuma da ke aiki cikin unguwanni da ƙauyuka, mafi yawan abinda zai zo muku ba sai an je kotu ba, kuɗin ciyar da yara bayan saki, iyakar gona, bashin 'yan dubbai, rikicin haya. Sulhu alheri ne kuma muna da masu yinsa tun kafin a haife mu, mai unguwa da dagaci da liman, ga Hisbah, ga zauren sulhu. Ka shiga ta hannunsu, kar ka zo musu da ƙafar wai kai ka yi kwas. Abinda zaka ƙara musu shine rubutu da bin sawu. In an daidaita uba zai riƙa bada abin ciyarwa, a rubuta nawa ne, ranar nawa ga wata, ta hannun wa, kowa ya sa hannu da shaidu, kai kuma bayan wata ɗaya ka leƙa ka ji ko an bayar. Kuma ka lura da wanda bai iya magana a zauren ba, yarinya a gaban baffanninta cewa zata yi ta yarda ko bata yarda ba, a keɓe ta a ji ta bakinta. Anan ƙannena mata kuke da abinda mu maza bamu dashi, kuna shiga gidan da aka rubuta ba shiga, kuma mace zata faɗa muku abinda bazata taɓa faɗa wa namiji ba, kar ki bari a maida ke mai dafa shayin ofis.

Amma akwai inda sulhu ya tsaya. Fyaɗe ba'a sulhunta shi, balle na yara, duk wanda ya zo da maganar a rufa asiri ko waye shi. Asibiti ne farko kuma da gaggawa, maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, kar a wanke kayan da ke jikinta, a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, sannan 'yan sanda, sannan lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na karɓar irin wannan. Lambobin nan su zauna a wayarka da bayan dayarinka tun kafin ranar ta zo, don ranar da ta zo ba lokacin neman lamba. Za'a matsa maka, za'a turo manya, za'a ce kana tona asirin unguwa. Ka tsaya, kuma kar ka tsaya kai kaɗai, sanar da ogan ka ko ƙungiyarka tun awa ta farko.

Ka koyi buga kwamfuta da sauri da tsara takarda, ka riƙa karanta duk abinda ka buga wa oga don ka fahimci me yasa ya faɗi haka, ka zauna a kotu ka saurara in ka samu sarari. Mai son zama lauya ƙofa a buɗe take, wasu jami'o'i na karɓar mai difloma ya fara daga aji biyu. Wanda kuma ya zaɓi ya tsaya a nan ba ƙasa yake da kowa ba, ofisoshi da yawa tsohon akawunsu ne ke riƙe dasu, shi ya san kowane fayil da kowane magatakarda.

Ranar da aka yanke hukunci kuma kar ka rufe fayil ka ce an gama. Ka nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu tun da zafinsa, don in za'a ɗaukaka ƙara wa'adi ya fara tafiya daga ranar, in kuma ku kuka ci sai an koma an nemi a aiwatar, kotu bata zuwa da kanta ta karɓo wa mutum kuɗinsa ko makullin gidansa. Ka zaunar da mai shari'ar kai da oga a faɗa masa da Hausa abinda alƙali yace da abinda ya rage, ka ƙirga masa takardunsa na asali ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu ya karɓa, ka rubuta ranar a bangon fayil sannan ka kai shi kabad.